'Yan Tsaki Marasa Uwa

Duk ɗalibin da ya zauna ajin Al'adun Hausawa ya san akwai ranar da malami zai zo kan kiwo. Zai jero dabbobin gida da tsuntsaye, ya ce kaza dukiyar mata ce da yara, ita ake yanka wa baƙo, ita ake kai wa kasuwa ranar da cefane ya gagara. Mu kuwa mu yi ta rubutu, ran jarrabawa mu mayar masa da abinsa. Ni ma na rubuta, na kuwa ci wannan jarrabawa da maki mai kyau. Amma ban gane cewa ban san kaza ba sai wani dare na watan Janairun 2024, sa'ad da na kwashe 'yan tsaki 49 daga ɗakina na kai su bayan gida suka kwana. Labarin wannan dare nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai, ko wani ya tsinci abin da ni sai da na yi hasara na tsinta.

Abin da ya kai ni kiwon kaji ba sha'awa ba ce, larura ce. Mai karatu ya san yadda shekarar 2023 ta zo wa talaka. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu, kome ya tashi, kuɗin makaranta ma bai tsaya a baya ba. Da na koma gida Ɗanbatta hutu a farkon Disamba, sai na zauna na yi lissafi. Ƙaramar Sallah za ta faɗo a watan Afrilu, lokacin da kowane gida ke neman kaza. In na sayi 'yan tsaki irin ruwa-biyun nan masu launi-launi yanzu, kafin Sallah sun yi wata huɗu, sun isa yanka. Lissafi ya fita sarai a takarda, saura jari.

Jarin kuwa daga wurin Inna ya fito. A watan ne kwasar adashinta ta zo, kuma na san ta riga ta yi wa kuɗin wuri, domin akwai kayan ɗakin ƙanwata da take tarawa. Ni ne ɗan fari, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuwa doguwar magana da ni. Autarmu ta aiko da kuɗin a ƙulle cikin leda, da saƙon kalma uku: "Allah Ya taimaka." Washegari na shiga Kano na sayo kwali guda. A kwali 'yan tsaki 50 ne, da gyara ɗaya. Dillalin ya ce mini daga Ibadan aka kawo su, kwana suka yi a mota.

Ga inda bambancin waɗannan da kajin gida yake, wanda ban tsaya na yi tunaninsa ba a lokacin. Kazar Hausa takan yi kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe, kana ta yi ta yawo da 'ya'yanta. Da sun ji ɗari sai su kutsa ƙarƙashin fukafukanta, jikinta kuwa zafinsa ya kai digiri 41 a ma'aunin Selshiyos. Ɗan tsako sabon ƙyanƙyasa ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa da kansa, gashin da ke jikinsa kamar auduga ne kawai, ba ya tare iska. Nawa kuwa inji ne ya ƙyanƙyashe su, ba su taɓa ganin uwa ba. Watau duk wanda ya sayi kwali ya ɗauka, ko ya sani ko bai sani ba, ya karɓi aikin uwar kaza ke nan dare da rana.

Da fari na riƙe aikin da kyau. Na share kusurwa guda a ɗakina na soro, na zuba ɓuntun shinkafa, na kewaye da kwali, na sa kaskon gawayi a tsakiya bisa bulo, domin wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, kananzir kuma ya fi ƙarfina. Masana kiwo sun ce a makon farko 'yan tsaki na bukatar ɗumi kamar digiri 33 zuwa 35, a riƙa rage wajen digiri 3 kowane mako har gashinsu ya cika. Ba ni da ma'auni, amma nakan tashi sau biyu ko sau uku cikin dare in ƙara gawayi. Biyu suka mutu a makon farko, sauran suka miƙe. Na ba su riga-kafi a ruwan sha kamar yadda aka tsara mini. Kafin mako uku sun ninka girmansu, fukafukai da jela sun fito, suna tsalle suna haye kwalin su hau kan littattafaina.

Daga nan zama da su ya fara gagara. Warin kashinsu ya kai in ka shigo ɗakin sai idonka ya yi yaji. Ƙura ta rufe kome. Wata safiya na tashi da ciwon kai mai tsanani da jiri, har na rasa jam'in Asuba. Da Baba ya leƙo ya ga kasko, ga taga na toshe da tsumma, sai ransa ya ɓaci. Ya ce, "Kai da ka yi karatu ba ka san gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba?" Gaskiyarsa kuwa. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, mutum yana barci za ta tafi da shi. Ya ce ko dai kaji su fita, ko ni in fita. Bugu da ƙari, hutu ya kusa ƙarewa, ina so in ga sun zauna a mazauninsu kafin in koma makaranta.

Saboda haka na kira wani abokina kafinta muka haɗa musu keji a bayan gida, gindin katanga. Muka yi rufi da tsohon kwano, gefe uku muka buga langa-langa, gaba kuwa muka sa ragar waya tun daga sama har ƙasa. Ni na ce a fuskantar da shi gabas don su sami hantsi. Da muka gama na tsaya ina kallonsa ina jin daɗi, musamman in na dubi akurkin Iya da ke can gefe, ɗan ginin laka kamar tukunya a kife, mai ƙaramin baki da ake toshewa da dutse.

Iya kakata ce ta wajen uba. Ta haura shekara 70, kuma tun tana amarya ba a taɓa raba ta da kaji ba. A zangon karatun da ya wuce har hira na yi da ita na ɗauka a waya, don wani aikin gida da aka ba mu kan kalmomin kiwo. Ta ba ni tsako da sagara da zakara, da kwanci da ƙyanƙyasa, da shirwa da shaho da tunku, na jera su a takarda aka ba ni maki. Ranar da 'yan tsakina suka cika kwana 24, da la'asar, ta gan ni ina jidarsu a kwando. Ta dogara sandarta ta ƙaraso, ta sa hannu ta ɗauki guda, ta juya shi, ta hura gashin bayansa.

Ta ce, "Maigida, ina za ka kai 'ya'yan mutane tsirara?"

Na ce, "Uwargida, wane irin tsirara kuma? Ba ki ga fukafukai ba?"

Ta ce, "Fukafukai na gani. Dubi kansa, dubi wuyansa, dubi ƙirjinsa. Bai gama sa riga ba. Ka bar su su ƙara kwana goma sha, ko kuwa ka bi su da wuta."

Na yi dariya na ce waɗannan ba irin kajinta ba ne, na zamani ne, kuma na karanta a waya cewa akwai masu fitar da su tun suna mako huɗu. Ta ce, "Zamanin ya hana su jin ɗari?" Ta ajiye ɗan tsakon ta juya. Ni kuwa abin da na duba shi ne rana. Ranar ta yi zafi sosai, har gumi nake yi wajen jidar. Na manta, ko in ce na ƙi tunawa, cewa hunturun ƙasar Kano fuska biyu gare shi. Da rana zafi kan kusanci digiri 30, amma kafin Asuba ya sauko 13 ko ƙasa da haka, domin sararin sama a bushe yake, ba gajimaren da zai riƙe ɗumin da ƙasa ta sha. Maganar mako huɗun da na karanta kuwa ban tambayi kaina a wace ƙasa aka rubuta ta ba, a wane lokaci na shekara, kuma da wuta ko ba wuta. Na ɗauke ta ne don ta dace da abin da nake so.

Da magariba na leƙa na gan su suna ta kai da kawowa suna tsattsagar abinci. Bayan Isha'i na sake leƙawa, sun ɗan taru wuri guda, na ce barci ne. Ban sa kasko ba, don na ƙudura cewa daga yau an gama da gawayi. Na koma ɗakina da na share na wanke, na shimfiɗa tabarma, na ja bargo. Rabona da irin wannan barci tun ranar da na sayo su.

Wajen ƙarfe biyu na dare na farka. Iska tana kaɗa kwanon soro, kuma can daga bayan gida ina jiyo kukansu, ba irin ɗan ƙaramin kukan da suke yi in sun ƙoshi ba, wani kuka ne mai tsini, ba tsayawa. A nan ne laifina yake, ba zan ɓoye ba. Na ji, na kuma gane ba lafiya ba. Amma bargo ya yi ɗumi, sai na ce wa kaina baƙunta ce, ba su saba da wurin ba, za su yi shiru. Na juya na rufe kai. Sun kuwa yi shiru.

Da aka kira sallar Asuba na ɗauki tocila na zagaya. Iskar da ta doke ni a fuska ita ta fara gaya mini abin da na yi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ni kuwa na buɗe mata ƙofa da raga tun daga ƙasa. Kwanon rufi da langa-langar da na taɓa sun yi sanyi kamar ƙanƙara. Na haska ciki, filin keji wayam, ba ko ɗaya. Duk sun tattaru a kusurwa guda ta can ciki, sun hau kan juna sun yi tsibi kamar an juye kwando. Na sa hannu ina ɗaga na sama, suna rawar ɗari amma da ransu. Da na kai ƙasa sai na tarar da tara a kwance, sun baje, jikinsu sharkaf.

Na kwaso su a gaban riga na shigo tsakar gida, na ma rasa wa zan kira. Iya ta riga ta tashi tana hura wuta. Ba ta ce mini kome ba. Ta karɓa ta duba su ɗaya ɗaya, ta ware bakwai ta ajiye gefe. Biyun da suka rage, waɗanda ke ɗan motsa baki, ta kifa musu ƙwarya ta ɗan ƙwanƙwasa bayanta kamar yadda tsofaffi ke yi wa tsakon da ya suma, sa'an nan ta naɗe su a gefen zanenta ta zauna da su bakin murhu. Kafin rana ta fito sun buɗe ido. Ta ɗiga musu ruwan ɗumi da ɗan sukari a baki. Sauran 40 kuwa ta sa na mayar da su ɗaki na hura musu wuta, taga a buɗe.

Baba da ya ji labari ya ce ko annobar kaji ce ta shigo, don lokacinta ne. Hakika cutar da likitocin dabbobi ke kira Newcastle ta fi yin ɓarna da hunturu, takan share kajin unguwa guda. Iya ta girgiza kai ta ce ciwo ba ya zaɓen kusurwa. Mai ciwo yakan yi kwana ɗaya ko biyu yana rurrumi, ya saki fukafukai, ya ƙi abinci. Waɗannan kuwa jiya lafiyarsu ƙalau, ga maƙoƙonsu cike da abinci. Ta ce, "Ba ɗari ne ya kashe su ba, 'yan'uwansu ne suka danne su. Uwa suke nema, ba su samu ba, sai kowa ya mai da ɗan'uwansa uwa." Daga baya na ga haka masana kiwo suka bayyana abin. In sanyi ya kama 'yan tsaki sukan yi ta kutsawa ƙarƙashin juna, in kuwa suka sami kusurwa, na ciki ba shi da hanyar fita, numfashinsa ya ɗauke. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne bakwai ɗin nan suna cikin manya. Masu ƙarfi ne suka riga kowa kutsawa ciki.

Inna ba ta ce uffan ba. Ta wuce ni a tsakar gida da tsintsiya a hannu, ta dubi 'yan tsakin da ke jere a ƙasa, ta ce, "Allah Ya mayar da alheri," kamar da bango take magana. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

A ranar na je na zauna gaban Iya, ba waya a hannuna, na ce ta gaya mini yadda zan yi. Ta fara kai ni wajen akurkinta ta ce in sa hannu ciki. Ko da safiyar nan akwai sauran ɗumi. Laka takan sha zafin rana da yini, ta riƙa sakinsa a hankali cikin dare. Kwano kuwa da rana ta faɗi ya huce. Bakin akurkin yamma yake kallo, ya ba iska baya, kuma a zagaye yake, ba kusurwar da za a danne wani. Ba na cewa akurki ba shi da aibi. Iska ba ta ratsa shi sosai, ƙwari sukan ɓuya a tsagoginsa, kuma ba zai ɗauki kaji 40 ba. Amma wanda ya fara gina shi ya san hunturu, ni da na buga kwano ban sani ba.

Muka gyara kejin tare, tana zaune bisa turmi tana ba da umarni. Na rufe ragar da buhunan algarara daga ƙasa, na bar tazarar kamar tafin hannu biyu a can sama don wari ya fita, domin toshewa gaba ɗaya ma wata hallaka ce. Na jingina zana ta gefen da iska ke bugowa. Na lanƙwasa kwali a kowace kusurwa har cikin ya zama zagayayye. Na ƙara ɓuntu ya yi kauri, ƙafa na nutsewa. Aka nemo tsohuwar tukunyar ƙasa aka huda mata ƙananan ƙofofi, aka ɗora bisa bulo, kuma ba a sa mata gawayi sai ya gama hayaƙi a waje ya zama garwashi.

Ba mu mayar da su rana ɗaya ba. Kwana goma ana fitar da su da hantsi, a dawo da su ɗaki kafin magariba, ni kuma na koma kwana a ɗakin ƙannena. Iya ta koya mini karatun da ba ya bukatar ma'auni. In sun bazu ko'ina suna kwance shiru, lafiya. In sun dunƙule kusa da wuta suna kuka, ɗari suke ji. In sun guje wa wuta suna haki, baki buɗe, zafi ya yi yawa. In kuwa duk sun koma gefe guda, to, akwai inda iska ke shigowa. Kullum da yamma takan ɗauki guda ta hura gashinsa. Ana nan har makaranta ta buɗe, abokai suka yi ta kira, na ce ina tafe. Mako guda na karatu ya wuce ni, har da wata 'yar jarrabawar gwaji.

Da suka cika mako biyar ta ce su kwana waje, amma da tukunya. Na ba su abinci suka ƙoshi kafin duhu, don cikin da ke da abinci ya fi jure sanyi. Daren nan na shimfiɗa tabarma a rumfar da ke kusa, na lulluɓa da bargo biyu. Sau huɗu na tashi ina haskawa. Sun kwanta a zagaye da tukunya, kowa da ɗan filinsa, ba kuka. Da suka kai mako shida gashi ya rufe kai da wuya da ƙirji. Iya ta hura ba ta ga fata ba, ta ce, "To, yanzu sun sa riga." Aka janye wuta. Washegari na bar wa autarmu da Iya amana na kama hanyar makaranta.

Muzuru ya ɗauke guda a watan Fabrairu. Ana jibi Sallah na sayar da 41. Abincin kaji ya yi tsadar da ban sa a lissafina ba, saboda haka ribar ba ta kai yadda takarda ta nuna ba. Na mayar wa Inna kuɗinta cif, ta hannun auta kamar yadda suka zo. Abin da ya saura ya biya fiye da rabin kuɗin makaranta, Baba ya cika sauran da gero buhu biyu. Da kajin nan bakwai suna nan, da watakila buhu ɗaya ya isa.

Na ce da farko ban san kaza ba. Gaskiyar magana, Iya ce ban sani ba. Na zauna gabanta sa'a guda ina ɗaukar muryarta, na kwashi kalmominta na kai aji, amma ranar da ta gaya mini abin da kalmomin ke ɗauke da shi sai na yi mata dariya. Mu ɗaliban Hausa muna da wannan hali. Mukan je wurin maƙeri ko masaƙi ko tsohuwa mai kiwo mu tambayi sunan kaza da sunan kaza, mu rubuta a babi na uku, alhali a zuciyarmu mun ɗauka iliminsu na ajiyewa ne a laburare, ba na aiki ba. Ba ina cewa a jefar da littafi ba ne. Riga-kafin da na ba kajin ba daga Iya na samo shi ba, kuma duk abin da ta faɗa na same shi a rubuce daga baya, da lambobinsa. Bambancin dai ita ta duba ɗan tsakon da ke hannunta da iskar da ke busowa a gidanmu, ni kuwa na duba kwanan wata da son raina.

Har yau in hunturu ya kama, na farka cikin dare a ɗakin kwanan ɗalibai na ji iska na kaɗa taga, sai kukan nan ya dawo mini. Wanda duk zai fitar da 'yan tsaki waje da sanyi, ya ɗauki guda ya hura gashinsa tukuna. In kuwa ya ji kuka da tsakar dare, ya yaye bargo ya tashi. Allah Ya sa mu dace, amin.